Shekara Biyar Bayan Bak: Malbaza da Neman Injiniyan Tsari

Matafiyin da ya baro Birnin Ƙwanni ya fuskanci gabas, a kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram, ba zai cika awa guda ba sai ya hango dogayen rumbunan masana'antar siminti ta Malbaza, da farar ƙurar da ta kwanta a kan ganyen itatuwa, da manyan motoci jere suna jiran lodi. Masana'antar ta daɗe a wurin har ta ara wa garin suna, domin mutane kan ce Malbaza Izin, daga kalmar Faransanci mai nufin masana'anta. Galibin masu wucewa ba su tambayar komai game da ita face kuɗin buhu. Ni kuwa tambayar da ta dame ni ita ce: wane ne ke riƙe da wannan wuri don kada ya tsaya, a ina ya yi karatu, kuma shekara nawa karatun ya ci masa?

Abin da ya tayar mini da tambayar shi ne wani tsarin karatu da jami'o'in Amurka da dama suke tallatawa, wanda samarinmu ke gani a wayoyinsu suna sha'awa. A can, digiri na farko shekara huɗu ne, na biyu kuma yakan kai shekara biyu. Sai aka buɗe wa ɗalibi mai ƙwazo wata gajeriyar hanya: tun yana shekarar ƙarshe ta digirin farko zai fara ɗaukar darussan na biyu, a lissafa masa wasunsu a ɓangarorin biyu, ya fita da takardu biyu cikin shekara biyar. Dalilin a fili yake, kuɗin makaranta a Amurka yana da tsada, shekara ɗaya da aka rage dukiya ce. Daga cikin fannonin da ake yi wa wannan tsari har da wanda ake kira injiniyancin masana'antu da tsare-tsare. Kafin mu yi kwaɗayin abin da ke hannun wasu, ya kyautu mu duba tarihinmu, domin wannan shekara biyar ɗin ba baƙuwa ba ce a Nijar. Mun gaje ta, mun riƙe ta, sannan muka raba ta gida biyu da hannunmu.

Sai dai a fara da fannin kansa, tunda ba shi da suna a bakin jama'a kamar likitanci ko aikin lauya. Injiniyan injuna ya san inji, na lantarki ya san waya da wuta, na gine-gine ya san ƙarfe da kankare. Injiniyan masana'antu da tsare-tsare kuwa aikinsa shi ne abin da ke tsakanin waɗannan duka: mutane nawa, kaya nawa, a wane lokaci, ta wace hanya, da wane kuɗi. Shi ne mai tambayar dalilin da ya sa mota ke kwana uku a bakin ƙofa tana jiran lodin da bai wuce awa biyu ba. Tushen fannin yana Amurka. Frederick Taylor, wanda ya wallafa littafinsa kan tafiyar da aiki bisa ƙa'idar kimiyya a 1911, ya riƙa tsayawa a kan ma'aikatan ƙarfe da agogo a hannu yana auna kowane motsi, abin da ya jawo masa ƙiyayyar ƙungiyoyin ƙwadago har majalisar dokokin ƙasar ta kira shi ya yi bayani. Frank Gilbreth, wanda shi kansa da aikin magini ya fara, ya nazarci yadda ake ɗora bulo, ya rage motsin magini daga goma sha takwas zuwa kimanin biyar. Jami'ar jihar Pennsylvania ce ta fara buɗe wa fannin sashe na kansa a 1909. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara masa lissafi mai zurfi, saboda buƙatar tsara jigilar sojoji da makamai, daga baya kwamfuta ta shigo, har ƙungiyar masu wannan sana'a da aka kafa a 1948 ta ƙara kalmar tsare-tsare a cikin sunanta a 2016.

Faransa, wadda ita ce ta shimfiɗa mana tsarin boko, tata hanyar daban ce. A can babban injiniya ba daga jami'a yake fitowa ba, daga makaranta ta musamman yake fitowa. Bayan jarrabawar bak, yaro zai yi shekara biyu na share fage, lissafi da kimiyya ba dare ba rana, ya shiga gasa, in ya ci ya yi shekara uku a makarantar injiniyoyi. Biyar ke nan a jere, babu wata takardar digiri a tsakiya da zai tsaya a kanta. Tun 1934 doka ta kare wannan difloma, kuma tun 1999 gwamnatin Faransa ta daidaita darajarta da ta digiri na biyu. Wato abin da Amurkawa ke kira hanzari, a Faransa shi ne tafiya ta yau da kullum. Kuma daga irin wannan makaranta, ta ma'adinai da ke Saint-Étienne, Henri Fayol ya fito a 1860 yana ɗan shekara 19, ya yi rayuwarsa a mahaƙar kwal, ya rubuta littafin da ya zama ginshiƙin ilimin tafiyar da masana'antu a 1916. Mai karatu ya riƙe sunan wannan makaranta, za mu sake haɗuwa da ita a hanyar Ilela.

Amma Faransa ba ta kawo wa ƙasashen da ta mallaka wannan hanya ba. Makarantar mulkin mallaka malaman ofis take so, da tafintoci, da malaman makaranta, da mataimakan likita. Ƙololuwarta ita ce William Ponty a Senegal. Abdu Mumuni, masanin kimiyyar nan haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi dogon bayani a littafinsa na 1964 kan yadda wannan boko ya rabu da aikin hannu da samar da abin masarufi. Saboda haka ranar da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, ba ta da jami'a, ba ta da makarantar injiniyoyi. Cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai sai a 1971 ta buɗe, ta zama jami'a a 1973.

A cikin wannan hali ne gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin siminti na ƙasa, SNC, masana'antarsa ta Malbaza ta fara aiki a 1966, da ƙarfin da bai wuce wajen tan 40,000 a shekara ba. Zaɓen wurin ba kuskure ba ne. Ƙasar Adar tana zaune a kan dutsen farar ƙasa, akwai yumɓu, akwai jibsin da mutanen ƙauyuka ke tsinta da hannu suna sayarwa. Sai dai siminti ba dutse kaɗai ba ne. Ana niƙa dutsen da yumɓu, a zuba cikin wata doguwar tanda mai juyawa, a gasa da zafin da ya kai digiri 1,450, abin da ya fito a sake niƙa shi da jibsi. Tandar nan ba ta son a tsayar da ita. In ta huce, tubalin da ke jikinta na iya tsagewa, kuma sake hura ta yana cin kwanaki da mai mai yawa. To, ka duba inda aka ajiye ta: ƙasar da ba ta da teku, tashar jiragen ruwa ta Kwatano tana nesa da fiye da kilomita dubu, babbar kasuwarta Yamai tana nesa da fiye da kilomita ɗari huɗu, ba layin dogo. Ɗan ƙaramin ƙarfen da ya karye, in babu irinsa a sito, sai an aika Turai. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci cewa tun ranar farko matsalar Malbaza ta tsari ce kafin ta zama ta inji. Wane kaya za a ajiye, nawa, yaushe za a yi oda, a wane wata za a tsayar da tanda don gyara ba tare da kasuwa ta yi ƙamfa ba: waɗannan su ne ainihin darussan fannin da muke magana a kai, kuma a lokacin ba a koyar da su a ko'ina cikin ƙasar.

Yaron Adar da ya so zama injiniya a wancan zamani, hanyarsa doguwa ce. Misalin da kowa ya sani shi ne na Mahamadu Isufu, haifaffen Ɗandaji a gundumar Ilela. (Ilelar Nijar nake nufi, ba ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙwanni a bakin iyaka ba, baƙi kan rikita su.) Ya karanta lissafi a Yamai, ya wuce Faransa ya ƙara zurfafa shi har zuwa ilimin ƙididdiga, sannan ya shiga makarantar nan ta Saint-Étienne, ya fito da diflomar injiniyan ma'adinai a 1979, yana da kimanin shekara 27. Ya riƙe shugabancin sashen ma'adinai na ƙasa daga 1980 zuwa 1985, ya yi aiki da kamfanin uraniyom na SOMAÏR a Arlit, kafin siyasa ta ɗauke shi har ta kai shi fadar shugaban ƙasa daga 2011 zuwa 2021. Ba siyasarsa ce ta kawo shi cikin wannan rubutu ba. Abin lura biyu ne. Na farko, makarantar da Fayol ya gama yana ɗan 19, ɗan Ɗandaji sai da ya zagaya ta jami'o'i kafin ya kai ƙofarta. Na biyu, da ya dawo, arewa ya nufa. Uraniyom ne ke da kuɗi a shekarun 1970, shi ya ja ƙwararrun ƙasar, shi ya sa aka buɗe makarantar ma'adinai ta Ayar a Agadas, shi ya shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Malbaza tana gefen hanya tana kallon motoci suna wucewa.

Yunƙuri mafi girma na gina hanyar shekara biyar a gida shi ne EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin ƙasa ta Yamai. Ƙungiyar tattalin arzikin yammacin Afirka ta CEAO ce ta yanke shawarar kafa ta a 1982 domin ƙasashen ƙungiyar baki ɗaya, ta buɗe ƙofa a 1990. Ba ta yi sa'ar lokaci ba. Farashin uraniyom ya riga ya faɗi, baitulmali ya bushe, ƙungiyar da ta haife ta ta rushe a 1994, Nijar ta karɓi riƙonta ita kaɗai. A wannan shekara ta 1990 ɗin ce kuma, ranar 9 ga Fabrairu, aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy, aka shiga shekarun yajin aiki da albashin da ba ya zuwa da abin da ƴan boko ke kira farar shekara, wato shekarar da aka soke karatunta ɗungurungum kamar ba a yi ba. Wanda ya yi makaranta a Nijar a shekarun 1990 ya san cewa shekarar karatu da shekarar kalanda ba tagwaye ba ne.

Masana'antar ma ta sha nata. Daga 1986 darajar naira ta riƙa zubewa, kayan Najeriya suka yi arha, ga kuma masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, kusan tsarar ta Malbaza, tana nesa da Ƙwanni da abin da bai kai kilomita ɗari ba. Iyakar da ɗan Ƙwanni ke tsallakawa ya je biki ya dawo kafin magariba ba za ta tare buhun siminti ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ya ninka kuɗin duk wani ƙarfe da ake sayowa daga waje. A 1998 gwamnati ta sayar da SNC, kamfanin Scancem na ƙasar Norway ya shigo tare da wasu ƴan kasuwar gida. Abin sha'awa, shi wannan Scancem ɗin, wanda HeidelbergCement na Jamus ya haɗiye a 1999, shi ne ya zama babban mai jari a masana'antar Sakkwato a 2000. Turawan sun ga abin da taswirar siyasa ke ɓoyewa, cewa Malbaza da Kalambaina kasuwa ɗaya suke ci, dutse ɗaya suke haƙa. Wannan ma kallo ne irin na injiniyan tsari, sai dai daga Turai aka yi shi.

Ana cikin haka sai guguwar gyaran jami'o'i ta taso daga Turai. Gyaran da ya biyo bayan Sanarwar Bologna ta 1999 ya raba karatu zuwa matakai uku, lisans shekara uku, mastar shekara biyu, dakta shekara uku, abin da ake taƙaitawa da LMD. Ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta da su bi a 2007, Nijar ta mayar da shi doka a 2010. Ba zan ce gyaran ba shi da amfani ba. Ɗalibin da talauci ya tsayar da shi bayan shekara uku yanzu yana fita da takarda a hannu, kuma takardar Yamai tana da ma'ana a Dakar da Lome. Amma tsakanin lisans da mastar an gina ƙofa, kuma a bakin ƙofar akwai tantancewa, da neman kuɗin rajista, da jiran a buɗe aji, wani lokaci da jiran malamin da zai zo daga wata jami'a ya yi darasin wata uku cikin mako biyu. Lissafin takarda ya ce uku da biyu biyar. Lissafin iyaye kan ba da shida ko bakwai. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2018 da 2019, kan batun ko zaɓen shugabannin jami'a za a yi ko naɗa su, ya ƙara cusa shekaru cikin juna.

A 2010 ɗin ne kuma aka ɗaga cibiyoyin fasaha na Maraɗi da Tawa da Damagaram suka zama jami'o'i, aka raba musu fannoni. Maraɗi ta sami kimiyya da fasaha, da sassan gine-gine da lantarki da injuna. Tawa ta sami shari'a da tattalin arziki da ilimin gudanarwa. A ganina a nan ne aka yi wani rashi da ba a lura da shi ba. Jihar da ke da masana'antar siminti ita aka ba ilimin gudanarwa ba tare da inji ba, maƙwabciyarta aka ba ta inji. Fannin masana'antu da tsare-tsare kuwa a daidai kan wannan tsagi yake zaune, ƙafa ɗaya a ɗakin injuna, ɗaya a ofishin lissafi. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, kuma suna ne da ya dace. Sai dai Adar ta yau tana da wasu tambayoyin da ke jiran masu amsa.

Kada a ɗauka siminti kaɗai ake nufi. Fadamar Ƙwanni, wadda aka gina daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 a ƙarƙashin mulkin Seyni Kunce, tsari ce cikakkiya: madatsun Mozage da Zango a kan kwarin Majiya, doguwar hanyar ruwa zuwa matarar Cerasa, sannan magudanai da ke raba ruwa ga fili fiye da hekta 2,000 da dubban manoma. Da yashi ya riƙa cike madatsun, filin da ake iya nomawa da rani ya ragu ƙwarai, har sai da aka sa gyaran fadamar cikin yarjejeniyar tallafi da Amurka ta 2016. Injiniyan gine-gine zai gyara magudana. Amma wa zai tsara ranar da kowane sashe zai sha ruwa, da kuɗin da za a tara don yashe madatsa kafin ta cika, ta yadda manomin da ke ƙarshen layi ba zai zama kullum shi ne mai asara ba? Haka albasar Galmi, wadda sunanta ya kai Abijan da Akara: kowa ya tono ta lokaci guda, farashi ya faɗi, wadda aka zuba a rudu wani kaso ya ruɓe kafin kasuwa ta tashi.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara girman tambayar. Sabuwar masana'antar Malbaza, ta kamfanin MCC, ta fara fitar da siminti a wajejen 2019 da ƙarfin tan 650,000 a shekara, ninki goma sha shida na tsohuwar. A Nuwamban 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 a nan Malbaza, da rancen Indiya, irinta ta farko a ƙasar da Abdu Mumuni ya fara binciken hasken rana tun shekarun 1960. Daga baya masu jari daga Sin suka gina wata masana'antar siminti a Badagishiri, cikin gundumar Ilela. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, har zuwa farkon 2024. Kowane ɗaya daga waɗannan ya zama jarrabawa ga mai riƙe da tanda: ina mai zai fito, ina buhu zai fito, kaya na kwana nawa ke sito. Wanda ya iya amsa su a Malbaza ya san abin da takwaransa na Pennsylvania bai taɓa fuskanta ba.

Saboda haka in aka tambaye ni ko Nijar na buƙatar hanyar nan mai haɗa digiri biyu, sai in ce tana buƙata, amma ba don dalilin Amurka ba. A can shekara shida ake matsewa ta koma biyar. A nan biyar ɗin tana rubuce a doka, abin da ya rage shi ne ta zama biyar a ƙasa. Ɗalibin da ya nuna ƙwazo a shekara ta biyu a ba shi tabbacin gurbinsa na mastar tun daga nan, kada ya tsaya a bakin ƙofa. A haɗa malaman Tawa da na Maraɗi da na EMIG a kan manhaja guda. A sa zangon ƙarshe ya yi shi a gindin tanda ko a bakin madatsa, ya rubuta kundinsa a kan matsalar da ya gani da idonsa. Maƙwabtanmu na Najeriya, inda digirin injiniya na farko shekara biyar ne, sun daɗe da sanya watannin aiki a masana'anta cikin manhaja tun shekarun 1970, ko da yake su ma yajin aiki ya sha cinye musu kalanda. Akwai kuma haɗari da bai kamata a ɓoye ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Yaro ɗan shekara 24 mai takardu biyu, wanda bai taɓa kwana a aikin dare ba, in aka ɗora shi a kan dattijon da ya shekara talatin yana gane lafiyar tanda daga ƙararta, to za a maimaita rigimar Taylor da ma'aikatansa da harshen Hausa. Ilimin waɗannan dattawa na tsohuwar SNC ba a littafi yake ba, kuma suna ta yin ritaya.

Yarinyar da aka sa aji ɗaya a Malbaza a watan Oktoban 2019, shekarar da sabuwar tanda ta kama aiki sosai, tana da shekara shida na firamare, huɗu na kwaleji, uku na lise. Za ta zauna jarrabawar bak a 2032. In ba a soke mata ko shekara ɗaya ba, kuma ba ta tsaya jira tsakanin lisans da mastar ba, za ta iya shiga ƙofar masana'antar garinsu da diflomar injiniya a 2037.